Gaiwar da Ta Jira Kogi

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba 'yar Jos ba ce. A Yawuri aka haife ta, a gidan masunta da ke bakin kogi, aure ne ya hawo da ita kan dutse lokacin da kakanmu yake aikin kuza. Ta tsufa a garin nan, ta binne miji a nan, amma ba ta taɓa yafe wa Jos rashin kogi ba. In muka wuce ta gefen kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ba ruwa ba ne. Ko kwaɗo ba ya sha'awarsa." Sunanta aka sa mini, Hajara, don haka Takwara take kirana.

A wani gidan haya muke zaune a Jos Jarawa. Ɗakunanmu na ɓangare ɗaya, na Mama Ladi da 'ya'yanta na ɗaya ɓangaren. Mama Ladi Kirista ce, 'yar asalin unguwar, kuma ita ma kifi take sayarwa a babbar kasuwar Taminus. Nata kifin ƙanƙara ne da ake kawowa daga teku, na Iya kuwa banda ce, busasshen kifi da ke zuwa a kwanduna daga Baga da Yawuri. Tare suke fita da safe, tare suke dawowa. Hausar Mama Ladi irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne ko "shi" a bakinta. Iya ta gaji da gyara mata har ta haƙura.

A bayan gida Iya tana da rabin durom da aka ɗora wa raga, inda take sake kyafe kifin da ya sha laima. Wanda ya san sanyin Jos ya san darajar wannan durom. Da an idar da sallar magariba, musamman in an ɗauke wuta, sai mu kewaye shi, ni da ƙanena Sani da 'ya'yan Mama Ladi, gabanmu ya yi ɗumi bayanmu yana rawar ɗari. Hayaƙin ya shiga kayanmu na makaranta, har a aji ana ce mana 'yan banda. Ban damu ba.

Iya ba ta yi mana irin tatsuniyoyin da sauran yara ke ji a gidajensu. Nata duk na cikin ruwa ne, har buɗewarta daban take. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taso daga ƙasan ruwa." Mu ce, "Ta fito mu gan ta." Sau da yawa ma ba tatsuniya ba ce, labarin kifin da ke kan raga ne. Ta ɗaga karfasa ta buɗe mana bakinta ta ce a nan uwar take ɓoye 'ya'yanta in ta ga haɗari, kuma ba ta cin komai har sai sun yi wayo. Ta ba mu labarin minjirya, wadda in ka taɓa ta hannunka zai mutu har kafaɗa. Akwai wani irin ƙurungu, in ji ta, da ke iyo a rigingine, cikinsa na kallon sama. Akwai ayu, mai shayar da ɗanta nono kamar mutum. In tana wannan magana fuskarta takan sauya, ta manta da kifin da ke kan wuta har sai ya fara ƙauri.

Teku ne kaɗai ya gagare ta, don ba ta taɓa ganinsa ba. In Mama Ladi ta dawo da ragowar titus ko shawa, Iya takan karɓi ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta tsaga shi ta leƙa ciki.

"Ladi, wai da gaske ruwan nasu gishiri ne?"

"Haka masu kawowa suka ce, Iya."

"To me yake sha in ya ji ƙishirwa?"

"Ka tambaye shi mana, ga shi nan a hannunka."

Su yi ta dariya. Ni kuwa in kwana da tambayar.

Ina aji uku a firamare kasuwar Taminus ta ƙone, a shekarar 2002. Da asuba labari ya iso unguwa. Iya da Mama Ladi suka fita ko mayafin kirki ba su ɗauka ba. Sai bayan azahar suka dawo, Mama Ladi tana kuka, Iya kuwa idonta a bushe. A makon ne aka sauke mata sababbin kwanduna. Ta zauna a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta ce wa Baba, "Na ji ƙamshin kifina daga bakin titi. Ya gasu da kyau."

Kwanaki kaɗan bayan haka Mama Ladi ta samo faranti babba da kujera 'yar tsugunno, ta koma bakin titi kusa da ƙonanniyar kasuwar, inda ɗaruruwan mutane suka baza kaya a ƙasa. Ta zo ta ce Iya ta bi ta. Iya ta ce a'a. Ta ce ita mai shago ce, da lambarsa da ƙofarsa, ba za ta tsufa tana gudu da faranti a kai ba in an zo korar mutane. An ce za a gyara kasuwar a mayar da kowa wurinsa, za ta jira.

Duk da babu kifin kyafewa, ba ta daina hura wuta a durom ba. Ragar tana nan wayam, mu kuma muna kewaye da ita. A wannan lokacin ne ta fara yi mana tatsuniyar gaiwa.

Wai a zamanin da, Kogi ya tara kifaye ya ce zai tafi gaida mahaifiyarsa Teku, mai binsa ya bi shi, mai zama ya zauna, amma zai dawo. Karfasa ta kwashe 'ya'yanta a baki ta bi shi. Talibambam ya kumbura cikinsa ya ce ƙarya Kogi yake yi, ba zai iya tafiya ya bar babba irinsa ba. Yana nan a kumbure ruwa ya janye, shirwa ta ɗauke shi. Tarwaɗa ta jira har ruwa ya koma taɓo, sannan ta fito ta kama jan ciki a kan ciyawa tana neman wani tafki, ko na wankin kaya ne, ko wanda shanu ke fitsari a ciki.

Gaiwa ita kaɗai ta ce ba inda za ta. Ta roƙi Laka ta ba ta ɗaki. Laka ta ce, "Zan ba ki, amma ba ci, ba sha, ba magana." Gaiwa ta yarda. Ta nutse ƙasa, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yawunta har ya bushe ya zama mata bargo, ta bar wata 'yar ƙofa kamar ta allura tana shaƙar iska. Rana ta gasa ƙasa har ta tsattsage. Shanu suka bi ta kanta. Mafarauta suka cinna wa ciyawar wuta. Ba ta motsa ba.

A nan Iya takan dakata, ta tura itace cikin durom, ta bar mu muna jira. Sani ba ya iya daurewa.

"Iya, ta mutu?"

"Ka yi haƙuri mana. Ita ba ta yi gaggawa ba, kai ne za ka yi?"

Sai ranar nan aka yi tsawa, Kogi ya dawo da ƙarfinsa, ya tambaya wa ya tsare masa gida. Gaiwa ta fasa ɗakinta ta fito. Kogi ya ji daɗi ya ba ta kyautar da babu kifin da ke da ita, numfashi biyu, na cikin ruwa da na tudu. Da Tarwaɗa ta dawo kuwa, jan ciki ya goge mata ɓawo gaba ɗaya, kanta ya baje saboda kutsawa ƙarƙashin duwatsu. Kogi ya ce haka za ta zauna tsirara har abada, tana cin dattin da kowa ya ƙi. "Ƙurungus kan tarwaɗa," in ji Iya.

Na so wannan tatsuniya fiye da kowacce. Washegari na tona rami a bayan gida ina neman gaiwa, na samo tsutsa da fasasshen kwalba.

Wata rana da yamma Mama Ladi ta dawo da wuri. An kori masu bakin titi, an kifar mata da faranti a kwata, gwiwarta ta goge tana jini. Ta zo ta zauna a wajen wuta tana gasa ƙafar, daidai lokacin da Iya ke tsakiyar labarin. Iya ba ta tsaya ba, kuma ba ta rage komai ba. Da ta kai ƙarshe sai Mama Ladi ta yi 'yar dariya.

"Iya, ni ne tarwaɗa ko?"

"Tatsuniya ce, Ladi."

"Na ji. Amma tarwaɗa yana da yara huɗu, babansu ya mutu. In ya shiga laka, wa zai ba su abinci?"

Iya ta ɗauki itace ta gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Mama Ladi ta tashi tana ɗingishi ta kira 'ya'yanta. Daga ranar ba su ƙara zama a wajen durom ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, da salla muna kai musu tuwo, da Kirsimeti suna kawo mana shinkafa, amma dariyar nan tasu ta ƙare.

Shekaru suka yi ta wucewa. Duk ranar Litinin Iya takan yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta hau mota zuwa Taminus wajen taron 'yan kasuwar da suka yi asara. Ta dawo ta ce an ce bayan salla. In salla ta wuce, an ce bayan damina. Daga baya aka ce sai an yi zaɓe. Baba tela ne, shagonsa ƙarami, ga mu ga makaranta. Ya sa kafinta ya yi mata tebur don ta riƙa ɗan kasa kifi a ƙofar gida. Ta dube shi ta ce, "Ka ga na yi kama da mai talla?" Teburin ya koma wurin ajiye bokitai. Mutanen Baga da ke kawo mata kaya suka zo gaisuwa sau ɗaya, suka sake zuwa, daga nan suka samu wasu masu saye. Mama Ladi ta gaji da kora ta koma Farin Gada, inda ta samu gefen wata rumfa kusa da masu tumatir.

Iya ta fara ramewa. Ba ciwo ba ne da za a nuna wa likita. Takan ce ta ƙoshi, ta tura mana kwanonta, ni da Sani mu cinye ba tare da mun yi tunanin komai ba. Labarin ayu da minjirya duk suka ɓace daga bakinta, saura na gaiwa kaɗai, yau shi gobe shi. Wani maƙwabci ya sayi janareta da talabijin, Sani ya koma can. Ni ma wani lokaci nakan bi shi. In na dawo sai in hango ta ita kaɗai a gaban durom, hannuwanta biyu a kan raga.

Ina ajin farko na babbar sakandare malaminmu na bayoloji ya zana wani dogon kifi a allo, ya ce wannan kifi yana da huhu kamar namu, in aka danne shi a ƙarƙashin ruwa aka hana shi leƙowa sama zai nutse ya mutu. Na gane gaiwa ce tun kafin ya gama zana wutsiyar. Ban taɓa jin daɗin darasi kamar na ranar ba. Ashe numfashi biyun nan gaskiya ne, ashe ɗakin laka gaskiya ne. Da aka tashi, kusan da gudu na dawo gida.

Lokacin Iya ta daina fita, ko taron Litinin ba ta iya zuwa. Damina ce, ana yayyafi, na same ta a ɗaki da kaskon garwashi a gabanta. Na zauna ina ta zuba, ina nuna mata zanen da na kwafa.

"Iya, huhu gare ta. Malam ya ce huhu na gaske."

"Na sani," ta ce. "Na feɗe su da yawa."

"A ina kika same su?"

Ta matso da kaskon kusa da ita.

"Mu muke tono su, Takwara. Da rani in fadama ta bushe, sai baffana ya ɗauki fartanya, ni in ɗauki kwando. Mu yi ta tafiya muna duba ƙasa. 'Yar ƙofar nan da take numfashi, ita ke tona mata asiri. In ka buga ƙasa kusa da wurin sai ka ji ta yi gurnani. Sai a haƙo ta da ɗakinta gaba ɗaya, kamar dankali."

Na ce, "Amma waɗanda ba ku gani ba, ai suna kaiwa damina."

"Wasu. In an tono ta da farkon rani, ga mai ga nama. In rani ya yi nisa, fata ce da ƙashi. Na ce muku ba ta ci, ko? Tana ci. Naman jikinta take ci, daga wutsiya. In ruwa ya yi jinkiri da yawa, sai a fasa ɗakin a tarar ta bushe a ciki. Na ga irinsu a shekarar da aka yi fari."

Na dubi wuyan hannunta, da awarwaron da a da yake matse ta, yanzu yana zamewa har gwiwar hannu.

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?"

"Ku yara ne." Ta ja bargo ta rufe ƙafafunta. "Kuma in na faɗa, ni da me zan zauna?"

Kafin damina ta ƙare Allah ya yi mata rasuwa. Mama Ladi ta zauna a tsakar gidanmu har aka share makoki, ita ce mai wanke tukwane. A ƙarshen shekarar rikici ya sake tashi a gari, Baba ya kwashe mu daga Jos Jarawa muka koma unguwar da duk Musulmi ne. Ba mu yi sallama da kowa ba. Durom ɗin ma a can muka bar shi.

Na karanta ilimin dabbobi a jami'a, kuma Iya ce ta sa, ba wani ba. A shekarar ƙarshe aka kai mu bakin teku a Legas. Na ɗebi ruwan a tafin hannu na ɗanɗana. A lokacin na riga na san amsar tambayarta: kifin teku ruwan gishirin yake sha, ya fitar da gishirin ta gefen kansa inda yake numfashi. Abokan karatuna suna ta ɗaukar hoto, ni ina tsaye da amsar da na makara da ita.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Na daɗe ina jin haushin waɗanda suka riƙa tara tsofaffi duk mako suna ce musu bayan salla, alhali sun san babu ranar. Da sun ce mata tun farko a haƙura, wataƙila da ta yi kuka ta tashi. Har ita kanta na ji haushinta, don ta san ƙarshen gaiwa fiye da kowa, ta riƙe kwandon da hannunta, amma ta zauna ta koya mana cewa mai jira shi Kogi ke ba kyauta, mai rarrafe kuwa abin raini ne. Yanzu da na girma na fahimci ba mu take yi wa tatsuniyar ba. Mun zauna ne kawai a wurin muna jin ɗumi. Fahimtar ba ta rage mini ɗacin ba.

Yau kiwon kifi nake yi a bayan gari, kuma tarwaɗa nake kiwo, don ita ce ke jure ruwan Jos. Bara na kai kaya Farin Gada, ina cikin ciniki na ji an ce, "Takwara." Babu mai kirana haka tun rasuwar Iya. Mama Ladi ce, gashinta ya yi fari fat, tana da rumfarta da firiza biyu, jikarta na taya ta. Ta rungume ni, ta tambayi Baba da Sani, ta ce in zauna. Muka yi hirar unguwa, da waɗanda suka mutu, da waɗanda suka tashi. Sai ta nuna mini wani wuri a gefen rumfar, inda wata mata ke kasa albasa.

"Ka ga nan? Wurin Iya ne. Tun da na zo na kama masa. Kullum da safe ina sa kwando a kife, in an tambaya in ce mai shi yana zuwa. Na yi faɗa da mutane a kansa ba iyaka."

Na ce, "Ta sani?"

"Na gaya masa. Na aika yara ma. Ya ce ya gode." Ta share hannunta da zane. "Sai da aka binne shi na ɗauke kwandon."

Mai albasar ta ɗago ta tambaye ni ko zan saya. Na ce ta zuba mini.